Kuɗin Fatun Layya

Kwana uku da dawowar Sadiyatu daga wankan jego, tana tsakar gida tana shanya kayan jariri, mijinta Ɗahiru ya shigo da fara'arsa ya ce ta shirya gobe ta je banki. Babbar Sallah saura mako uku, masu tara masa fatu a ƙauyuka sun fara zuwa karɓar kafin alƙalami, jarinsa kuma duk yana banki.

Ɗahiru sana'ar fata ya gada, ta jar akuya da ta rago, kuma cinikin shekara gaba ɗaya a kwanakin layya yake yinsa. Bai yi boko ba, ita kuwa malamar firamare ce a nan Runjin Sambo cikin Sakkwato. Tun watan da aka kawo ta ya kwashi naira dubu casa'in da shida ya ce ta zuba a asusunta, domin shi layin banki da cike-ciken takardu ciwon kai suke sa shi. Mahaifiyarsa Inna Kulu ta yi faɗa har ta gaji, ya yi dariya ya ce ai da shi da Sadiya aljihu ɗaya ne. Son da yake mata ba ɓoyayye ba ne, duk unguwa an san da shi, wasu ma haushi yake ba su.

Ta janyo kwallar da take ajiye takardunta a ƙarƙashin gado. Katin shaidarta yana nan, littafin ajiya babu. Ta zazzage ɗakin kaf ba ta gan shi ba, sai ta ce wa kanta ai banki sun san ta, za su ba ta wani.

A shekarar 1998 ne, bankin bai daɗe da kawo kwamfuta ba, ana ta yayata cewa yanzu mutum zai ajiye kuɗi a Sakkwato ya cire a Kaduna. Da ta je washegari, kashiyan ya danna lambarta, ya dubi gilashin, ya ce saura naira ɗari biyu da sha ɗaya. Ta ce ya sake dubawa. Ya ce, "Madam, ke kinka cire abinki, kwamfuta ba ta ƙarya." Kafin ta tambayi yaushe, aka ɗauke wuta. Janareta babu mai, garin ma duka babu, aka ce ta dawo wani makon.

Inna Kulu ba ta jira wani mako ba. Tun a yammacin ta tuna cewa mahaifin Sadiyatu ya sa wa gidansa sabon kwano gab da suna, ba ta ko tsaya tambaya ba, balle ta ji cewa da kuɗin sallamarsa na aiki ya yi. Kafin Juma'a ta shiga gida shida da maganar, ta kuma maimaita ta a wani taron suna, mata suna ta riƙe baki. Ta tsare ɗanta ta ce ya rubuta takarda, in ba haka ba ta ɗaga masa nono.

Sadiyatu ta jira shi a ɗaki, jariri yana kan cinyarta. Da ya shigo ya zauna a bakin gado, yana kallon ƙasa.

"Malam, dube ni," in ji ta. "Kai ma ka yarda ni na ɗauka?"

"Ban ce ba, Sadiya."

"Ba ka ce ba. To, ka ce ba ni ba ta."

Bai ce ba. Abin da ya iya faɗa shi ne ta je gida ta ɗan huta har Inna ta huce. Bai sake ta ba, kuma a ganinsa ya yi jarumta. Ni dai ban ga jarumta a nan ba. Mutumin da ya iya tsayawa da 'yan kasuwar Kano a kan kwabo ya kasa buɗe baki da kalma huɗu a gaban uwarsa, yana kiran abin kunya da biyayya. Ta ɗaure kayanta ba ta yi kuka a gabansa ba, sai da ta fita layin ta saki.

Sallah ta zo ta wuce. Fatun da Ɗahiru ya saba saye wasu suka kwashe, shi kuwa ya koma barbaɗa wa fatu gishiri a rumbun wani ana biyansa a wuni. Ita kuma daga gidan iyayenta a unguwar Gidan Igwai ta dinga sintiri zuwa banki, da goyo, cikin ranar bazara, yawanci a ƙafa don kuɗin kabu-kabu ya ninka. Yau manaja ya fita, gobe babu wuta, jibi a rubuto takarda. A zuwa na goma sha ɗaya wata ma'aikaciya mai suna Esther, wadda ta daɗe tana lura da ita, ta kira ta gefe ta ba ta ruwan sanyi, ta ji labarin, ta buga mata bayanin asusun da hannunta.

Sau uku aka cire kuɗin, duka a reshen Gusau. Sadiyatu ta bi ranakun da yatsa tana lissafi, sai ta yi wata dariya wadda ta fi kuka ciwo. Rana ta tara ce da haihuwarta, da ta sha shida, da ta ashirin da uku. A waɗannan ranakun tana gidansu ana gasa ta da tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro safe da yamma, ana ɗura mata kunun kanwa, goggonta zaune a bakin ƙofa ko zaure ba ta bari ta leƙa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san mai jegon fari ba ta taka waje sai ta yi arba'in, balle ta hau mota zuwa Gusau. Wanda ya yi satar ya ɗauka in ya ɓatar da littafi shi ke nan, bai san na'urar tana riƙe da rana da gari ba.

Esther ta matsa wa manaja har aka aiko da takardun cire kuɗin daga Gusau. Kashiyan can ya rubuto bayaninsa, ya ce mace ce ta zo a lulluɓe ruf tare da mijinta, mijin ya ce matar kulle ce, shi kuma ya ji nauyin cewa matar wani ta buɗe fuska, sai ya duba sa hannu kawai, ya sa mijin ya rubuta sunansa a baya. Sunan Siddiƙu ne, mijin Zainaba ƙanwar Ɗahiru, mazauna Gusau. Zainaba ta zo barka, Inna ta ba ta makullin ɗakin Sadiyatu ta kwana biyu a ciki, ta kuma dawo ranar arba'in ta mayar da katin. Kamar da sa hannun ya yi da nata ma ba abin mamaki ba ne. Kafin a yi wa Zainaba aure, Sadiyatu ce ta zaunar da ita a kan tabarma ta koya mata boko, tana riƙe da hannunta.

Banki ya ce ko a dawo da kuɗi ko a kira 'yan sanda, kuma abin da ya rage kawai mai asusu ta sa hannu a takardar ƙara. A ranar Inna Kulu, wadda ba ta taɓa taka gidan surukanta ba tun ranar suna, ta zo da la'asar, Ɗahiru yana biye da ita ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Ta yi kuka sosai. Ta ce Zainaba ciki gare ta, sharrin miji ne, a rufa asiri don Allah, abin gida a bar shi a gida. Har ta gama ba ta ce a yafe mata ba.

Sadiyatu ta durƙusa kamar yadda ta saba, muryarta ba ta ɗaga ba.

"Inna, ba ni kai Zainaba ko'ina. Amma ni nawa asirin ba a ruhe shi ba. Gida shidda anka kai sunana. Gidajen nan nika so a koma a hwaɗi gaskiya."

Inna ta juya ga ɗanta, tana jiran ya tsawata wa matarsa. Ɗahiru ya ce, "Ki gahwarce ni, Inna, gaskiya tac ce. Ni zan raka ki. Ke ki shiga wurin mata, ni in tsaya ƙohwa in hwaɗa ma maza." Hawaye yana zubo masa lokacin da yake faɗa.

Haka aka yi. Tsohuwa ta shiga gida shida da ƙafarta ta ce surukarta ba ta ci kwabo ba, ɗanta kuma ya tsaya a kowane zaure ya ce shi ne babban mai laifi da ya yi shiru. Siddiƙu ya sayar da baburan kabu-kabu biyu da ya saya, aka haɗa da gadon Zainaba da kwanukanta, aka tara dubu saba'in da ɗaya. Sauran sun tafi, kasuwar shekarar ma ta tafi.

Sadiyatu ta koma ɗakinta, domin tana son mijinta kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Allah ya buɗa musu a shekara ta gaba, Ɗahiru bai kuma bari wani ya ambaci matarsa da mugun baki a gabansa ba, ko da wace ce. Sau ɗaya kawai ta tayar da maganar. Ta ce masa zagin Inna da satar Zainaba duk sun wuce a wurinta, abin da yake dawo mata idan tana zaune ita kaɗai shi ne yadda ya kalli ƙasa. Ya ce ya sani.

Haƙurinta ya biya ta, gaskiya ta fito, aure ya tsaya. Sai dai mai karatu ya lura, kuɗin da aka sace ana iya bin sawunsu har Gusau a karɓo, amma maganar da aka watsa a taron mata ba ta da reshen da za a aika wa takarda. Kada ka ɗora wa mutum sata kafin ka bincika, kada kuma ka yi shiru a ranar da wanda ya dogara da kai yake jiran bakinka. Shekara huɗu bayan haka Sadiyatu ta je awo a kasuwa, wata mata da ba ta ma san ta ba ta taɓa ƙawarta ta nuna ta da baki, ta ce, "Ga malamar nan da tac ci kuɗɗin hwatun mijinta."