Shafi na Goma Sha Bakwai

Mai shara ce ta fara ganinsa da sassafe. Magatakardan ofishin duba gine-gine yana kife a kan teburinsa, jini ya daskare a ƙeyarsa, kwamfuta a kunne.

Da Sufeton 'yan sanda ya iso sai ya ja ya tsaya a bakin ƙofa. Fanka na juyawa a hankali, tana ɗaga gefen takardu kamar wani ke buɗa su. Takalman mamacin na jere a ƙarƙashin tebur, yadda mutum kan cire in ya san zai daɗe a zaune.

"Wane aiki yake yi jiya?" ya tambayi sakatariya.

"Takardun makarantar nan da ta rufta ne, yallaɓai, inda yara tara suka rasu." Ta share hawaye. "Kwamitin bincike ya ce a haɗa su duka a fayil ɗaya a tura. Shi ya ɗauki hotonsu a na'ura ɗaya bayan ɗaya, da taswira da izini da rahoton injiniya."

"An tura?"

"An tura. Biyar da kwata."

Sufeto ya juya ya dubi teburin mamacin. Likita ya riga ya shaida masa mutumin bai kai ƙarfe huɗu da rai ba. To wa ya zauna gefen gawa ya ƙarasa mata aikinta?

Daraktan ma'aikatar ya karɓe shi a ofishinsa, ido jawur.

"Shekara ashirin muna tare. Ɗan'uwa na rasa, Sufeto."

"Ƙarfe nawa ka tashi jiya?"

"Uku. Ciwon kai ya kore ni gida."

Injiniyan da ya duba ginin kuwa a gida aka same shi, an dakatar da shi daga aiki, ya rame kamar kara. Sufeto ya nuna masa shafi na goma sha bakwai na fayil ɗin, inda aka rubuta gini lafiya lau, ga sa hannunsa a ƙasa.

"Hannuna ne, amma ba maganata ba ce! Wallahi cewa na yi kada a sa ko akuya a ginin nan. Wa zai yarda da ni? Ko matata kallon mai kisa take min."

Sufeto ya koma ofishin. Ya sa sakatariya ta buɗe fayil ɗin, suna bin shafukan ɗaya ɗaya, ita tana kauce wa kujerar mamacin.

"Tsaya. Wannan siririn layi baƙi da ke gefen kowane shafi fa?"

"Gilashin na'urarmu ne ya tsage. Duk abin da ta ɗauka sai ya fito da shi."

Shafi arba'in ne. Talatin da tara na da layin. Na goma sha bakwai fes yake.

"Akwai wata na'urar a gidan nan?"

Ta ce ƙasa ƙasa, "Sai ta ofishin Darakta. Shi kaɗai ke da makulli."

Na'urar Darakta na ajiye lokacin duk aikin da ta yi. Sufeto ya koma ofishin Darakta, ya danna ta, ya juya masa fuskarta. Shafi ɗaya, jiya, biyar saura minti goma.

"Mai ciwon kai ne ya dawo, ko na'urar ce ke aiki ita kaɗai?"

Darakta ya daɗe yana kallon lambobin. Sai ya sulale kan kujera.

"Ni na ba da izinin buɗe makarantar, alhali a lokacin na ɓoye rahoton injiniya na gaskiya a aljihun teburina. Jiya na roƙi magatakarda ya cire shafin nan kawai kafin ya haɗa. Ya ce, 'Yaya, da wane ido zan kalli iyayensu?' Ya juya min baya ya ci gaba da aiki. Ƙarfen huda takarda ne a kusa da hannuna."

"Sannan ka liƙa sa hannun injiniya a kan rahoton ƙarya."

"A tsaye na haɗa fayil ɗin, ina miƙa hannu ta saman kafaɗarsa. Jikinsa da sauran ɗumi." Ya dubi hannuwansa. "Wata biyu ke nan ina jin hayaniyar yara duk inda na zauna. Jiya da na gama sai suka yi tsit. Shirun nan ya fi kashe ni."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya sa masa ankwa. Ma'aikata sun yi cirko-cirko a baranda suna kallo har aka sauka da shi.