Biri Ya Duba Iƙama

Wata yarinya ce 'yar unguwar Kurayyat a Jidda. Makarantarsu ta tura su karatun wata uku a Malesiya.

Ranar tafiya Ummi ta cika mata leda da dabino. Baba kuwa abu ɗaya ya nanata.

"Ya binti, fasfo da iƙama, katin izinin zamanki a nan, su ne hanyarki ta dawowa gida. Kada su bar jikinki."

Ta sa su a ƙaramar jaka, ta rataya a kafaɗa.

Wata Asabar Malama Wafa' ta kai su gandun daji. Yarinyar ta saki baki. Ita da ta saba da rana da kwalta, ga itatuwa sun rufe sama ruf!

Mai gadin daji ya tsayar da su a bakin gada.

"Akwai birai a ciki. Kada kowa ya fito da abinci."

Da suka hau gadar, sai ga ɗan biri a kan reshe. Ya yi zuru kamar magen da take ba abinci a ƙofar gidansu. Tausayi ya kama ta.

"Dabino ɗaya kawai zan ba shi, bas," ta raɗa wa ƙawarta Nuha.

"La, la! Ba ki ji abin da aka ce ba?"

Ina! Ta riga ta buɗe ledar.

Kafin ta ƙifta ido, birai sun cika gadar. Wani ya warce dabinon. Wani ƙato ya fizge jakar, ya haye can sama. Ƙarƙashinsa kogi ne mai gudu.

"Iƙamata! Malama, iƙamata!"

Ta zabura za ta bi shi. Malama Wafa' ta riƙe hannunta gam.

"Tsaya cak," in ji mai gadi. "In kin kore shi, ya tafi da ita ke nan."

Ta tsaya. Tsoro ya cika ta. Yaya za ta koma wurin Ummi?

Birin ya buɗe jakar. Ya zaro iƙama, ya shinshina, ya gatsa. Ba daɗi! Ya watsar da komai.

Jakar ta maƙale a igiyar gada, tana lilo a kan ruwa. Katin ya faɗi a kan katako. A hankali mai gadi ya miƙa sanda ya jawo jakar. Fasfo na ciki.

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Ku yafe mini. Na ɗauka kamar magenmu ne."

"Halas, ya wuce," in ji Malama. "Amma kowa ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba."

Da yarinyar ta kira gida ta bidiyo, ta nuna wa Baba shaidar haƙori a jikin katin. Ya yi dariya har da hawaye.

"Shekara talatin ina Jidda, ban taɓa ganin mai duba iƙama da haƙori ba!"

Tun daga ranar ta gane: in ka je baƙon wuri, bi maganar wanda ya san wurin.