Sakan Goma, Kwana Huɗu

Ranar da Malama ta fara shigowa shagonsa, Injiniya ya riga ya gaji da duniya tun kafin azahar. Ba injiniya ba ne. Maƙwabta ne suka laƙaba masa sunan saboda kwalin jami'ar da yake ajiye da shi a durowa, ƙarƙashin matattun batura. Aikinsa gyaran waya, a wani ɗan shago da idan mutum uku suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi.

Ta ɗora wayarta a kan teburinsa, ta zauna a benci ba tare da an ce ta zauna ba. Duk hannun rigarta alli ne.

"Malam, ta daskare tun safe. Na latsa, na girgiza, na roƙe ta."

"Kin zage ta?"

"A gaban yara sittin? A zuci dai. Makin jarrabawarsu duka yana ciki, kuma Juma'a zan miƙa."

Ya duba. Ciwo ne da kowane mai gyara ya sani: a danne maɓallin kunnawa da na rage ƙara tare, a ƙirga goma, ta mutu ta tashi. Yatsansa har ya hau maɓallin. Sai ya ɗago ya ga ta lumshe ido, ta jingina kai da bango, kamar wannan bencin ne hutunta na farko a makon.

Ya janye yatsan.

"Malama, sai an buɗe ta. Ki dawo gobe."

Washegari ya ce kayan gyara ba su iso ba. Rana ta uku ya ce yana gwada batir. Ita kuwa wayar, tun minti biyu da fitar Malama ta farfaɗo, tana kwance a durowa lafiya ƙalau. Rana ta huɗu ya miƙa mata, haɗe da lambarsa a 'yar takarda, wai ko da za ta sake daskarewa.

Ba ta sake ba, amma Malama ta yi amfani da lambar.

"Malamata, yaran nan sun bar miki sauran murya?" yakan rubuta da yamma.

"Sun bar min rabi, na ajiye maka. Ka ci abinci, Injiniyana. Shayi ba abinci ba ne."

Haka suka yi wata takwas, gajiyayyu biyu da suka gano cewa gajiya ta fi sauƙin ɗauka idan akwai wanda za a ba labarinta.

Da maganar aure ta kai gidan su Malama, Baba ya ƙi ko ganinsa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma a ganinsa shi ne ya yi aikin waya na gaskiya.

"Mai gyara, da tela, da makanike, bakinsu ɗaya: dawo gobe," ya gaya wa 'yarsa. "Ni shekara talatin na yi a gidan waya, ban taɓa cewa wani ya dawo gobe ba."

Mama, wadda ta san yawan mutanen da suka tsufa a layin tagarsa, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Baba ya fi son ɗan ƙanwarsa, ma'aikacin banki, mai mota da turare. Wata Asabar ɗan bankin yana falo, wayar Malama ta sake daskarewa. Ya karɓa, ya danna maɓallai biyu, ya ƙirga goma da ƙarfi, ya miƙa mata.

"Wannan ne ya ɗauki angon namu kwana huɗu?"

Saƙon ya iske Injiniya yana liƙa fuskar wata waya.

"Kwana uku na yi ina sake haɗa makin yara sittin da hannu, takarda ɗaya bayan ɗaya. Kullum kana ganina ina shigowa da jan ido. Kada ka kira ni."

Ya rubuta amsa biyar ya goge. Ta shida ya tura.

"Gaskiya ne, ƙarya na yi. Ban iya cewa mutum ya dawo ba sai ta hanyar da aka koya min. Ki yafe min."

Ta karanta. Ba ta amsa ba. Mako uku yana duba wayarsa, har ya gwada mata maɓallan nan biyu, ko laifinta ne.

Wata Talata wani dattijo ya shigo. Tun kafin ya yi sallama Injiniya ya gane shi, don hancin Malama ne a fuskarsa.

"Uwarta ce ta turo ni, ba ra'ayina ba ne," in ji Baba, ya dire wayarsa a kan tebur. "Ta daskare. Ɗan bankin ya danna har yatsunsa sun yi ciwo."

Injiniya ya danna shi ma. Shiru. Ya kwance bayanta, ya haska fitila, ya duba ciki.

"Baba, idan na faɗa maka gaskiya za ka ce ƙarya ce."

"Faɗi."

"Sai gobe."

Baba ya miƙa hannu zai ɗauki abarsa.

"Don Allah ka duba tukuna." Ya juyo masa madubin ƙara girma. "Ka ga wannan koren? Tsatsa ce. Ruwa ta sha. Sai na wanke, ta kwana ta bushe. Idan na kunna ta yanzu, ta tafi ke nan."

Baba ya daɗe yana leƙe.

"A bokiti ta faɗa," ya ce a hankali. "Ban gaya wa kowa ba." Ya zauna a bencin. "Ta 'yata fa? Ita ma ruwan ta sha?"

"A'a, Baba. Ita lafiyarta ƙalau. Ni ne na kasa cewa ina son in sake ganinta."

"Ka san wahalar da ka ba ta?"

"Na sani yanzu. A lokacin kaina kawai nake gani."

Baba ya tashi ya tafi. Washegari ya dawo, wayar ta kama. Ya kira Mama don gwaji, ya saurari faɗanta na minti biyar, sannan ya kashe.

"Ka turo manyanka. Amma ni ba ni ka ɓata wa ba."

Da yamma saƙon Malama ya shigo.

"Ban huce ba. Baba ya ce ka fi kyau idan kana jin kunya. Zan zo in gani da idona, Injiniyana."

An ɗaura aure bayan wata uku. Ɗan bankin ma ya zo, ya ɗauki hotuna da yawa, rabinsu nasa. Da jama'a suka watse, Baba ya kira su falo, suka durƙusa a gabansa. Ya kalli 'yarsa, ya kalli surukin da bai zaɓa ba, ya goge ido da gefen hula yana cewa turaren ɗan ƙanwarsa ne ya yi yawa.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku haƙurin juna," ya ce. "Ni dai nawa ya ƙare."

"Amin," in ji Mama. "Ku tashi ku je, kafin ya sake tunani."