Turaren Ranar Juma'a

"Mahaifina ka sa a fim, Habib? Mahaifina?!"

A bakin zaurensu na unguwar Shehuri Hanifa ta tare shi, ko gaisuwa babu. Shi kuwa bawan Allah da fara'arsa ya zo, rungume da kambun gwanin rubuta labari na finafinan bara, wai wadda zai aura zai fara nuna wa.

"Haba abar ƙaunata... ai ban ambaci suna ba."

"Sai ka ambata? Tsoho mai wankin hula, yana ɗingisa ƙafar hagu, duk Juma'a ya shiga ɗakin matarsa da ta rasu ya turara lafayarta yana yi mata hira! Su nawa ne a Maiduguri?"

Ita ta gaya masa wannan sirri, tana kuka, a lokacin da so ya kwance mata harshe. Baki dai shi ke yanka wuya.

Jiya da la'asar gidan rediyo ya waiwayi finafinan bara da waɗanda suka ci kyauta. Mahaifinta, Baba Ajimi, bai taɓa zama kallon fim ba, amma rediyonsa ba ya mutuwa a rumfar wankin hula. Mai gabatarwa ya sa na Habib a kan gaba, ya kwashe labarin tsohon tiryan-tiryan, har da cewa wurin ne ya sa alƙalai hawaye. Wani cikin abokan hirar Baba ya saci kallon ƙafarsa. Sai Baba ya ajiye hular da ke hannunsa ya shige gida.

"Me ya ce miki?" Habib ya tambaya.

"Da ma faɗa ya yi mini... Cewa kawai ya yi, 'Hanifa, ke kaɗai kika taɓa ganina.' Da safe ya aiki Kawu Maikuɗi ya mayar da kayan gaisuwa gidanku."

"Innalillahi! Wallahi don girmamawa na rubuta! Bari in shiga in durƙusa. Kambun ma in mayar musu!"

"Abin da kunnuwan mutane suka ji fa? Shi ma za ka mayar?"

Tana son shi har cikin ranta, abin da ya fi ƙona ta ke nan. Ga wanda take so, ga wanda ya haife ta, kuma da bakinta ta raba su.

"Je ka, Habib... ba ni da abin da zan iya."

Ta juya ciki hawaye na zuba. A tsakar gida ta tuna yau Juma'a ce, ta tsaya ta ja numfashi tana neman ƙamshin da ta saba ji shekara bakwai. Babu.

Kaskon turaren na kife a gindin bango, ƙofar ɗakin mahaifiyarta kuma an garƙame ta da kwaɗo.