Kowace Kalma da Mutuminta

Ranar da Auta ta fara shiga ajin a makare ta zo, da farar rigar asibiti a jikinta, tana haki saboda benen da ta hau. Ajin ɗaki ne guda a saman wani shagon tayoyi, fanka na juyawa kamar an yi mata dole, manyan mutane sun cika kujerun roba. Malamin na tsaye gaban allo, dogo ne siriri, hannun rigarsa duk alli.

Ya dube ta, ya manta abin da yake faɗa. Ita ma ta dube shi, ta manta ba ta yi sallama ba.

"Ga kujera nan gaba," ya ce, bayan ya samo muryarsa. "A nan muke ajiye 'yan makara, don mu riƙa ganinsu da kyau."

Aji ya ɗauki dariya, Auta ta zauna tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ticha, kamar yadda kowa ke kiransa, manyan kalmomin Turanci yake koyarwa, irin waɗanda ake buƙata a intabiyu. A makonnin nan suna kan halayen ɗan Adam da matakan rayuwa, daga goyo har tsufa. Kuma yana da tsarinsa da ba ya canzawa.

"A ajina ba a hadda," ya faɗa mata. "Kowace kalma sai kin samo mata mutum. Kalmar da ba ta da mutum, kafin ki sauka benen nan ta gudu."

Ya rubuta adolescence a allo, ya ce shekarun tashen balaga ke nan, wa ke da mutum? Wata mai sayar da yadi ta ɗaga hannu. "Ɗana na biyu. Ya daina gaishe ni, ya fara tara gashi."

Ya rubuta obstinate, ya ce mai taurin kai. Kafin Auta ta kama bakinta, maganar ta fita.

"Babana."

Aka sake dariya, har da ita. Babu wanda ya lura tata dariyar ta riga ta kowa mutuwa.

Auta nas ce, tana neman gurbin kwas na kula da tsofaffi, kuma da Turanci za a yi mata intabiyu. Abin da ta gaya wa kowa ke nan. Abin da ba ta faɗa ba shi ne Baba. Tsohon mai gyaran agogo ne, mutumin da a da in ya kara agogo a kunne zai faɗi ciwonsa, amma yanzu sai ya sa tabarau a fuska yana neman tabarau. Ita da Mama suke rufa masa asiri. In baƙo ya zo, Auta ce ke wucewa ta bayansa ta raɗa masa ko wane ne. Shi kuwa ko kusa bai yarda akwai abin da ke damunsa ba.

Soyayyar ta fara ne da gyaran aikin gida a waya, ta zarce inda babu aikin gida ko ɗaya.

"'Yar Makara, yau na koyar da kalmomi masu nauyi, amma kujerar gaba babu kowa, sai duk suka yi mini salam. Lafiya?"

"Aikin yamma gare ni, Tichana. Ka ajiye mini kalmomina, kada ka ba wa wata."

"Kalmomi kaɗai? Ai har mai koyar da su a ajiye yake."

Ta karanta wannan saƙon a ɗakin ajiyar magani, ta rungume wayar a ƙirji kamar za a ƙwace. Kafin watanni su yi nisa Mama ta sani, Baba ma an gaya masa a ranar da kansa ke daidai, ya ce to, yaron ya turo manyansa a gani.

Sai ga aikin da ya ɓata komai. Ticha ya ce kowa ya ɗauki muryarsa a waya, ya siffanta wani tsoho da ya sani da sababbin kalmomin, ya turo masa. Auta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ɗauka shi kaɗai zai ji, saboda haka ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce mahaifinta ya zama frail, ƙarfinsa ya tafi. Ta ce yana manta sunayen jikokinsa, ran nan ma ya tambaye ta ina ne banɗaki a gidan da ya gina da hannunsa. Tana yi muryarta na rawa, amma Turancin ya fita tsaf.

Ticha yana da ɗabi'a, duk aikin da ya fi kyau sai ya saka shi a guruf ɗin aji don kowa ya koya. Ya ji nata, daɗi ya kwashe shi, malamin da ke cikinsa ya riga masoyin tunani. Ya tura, har da rubuta "ku ji yadda ake yi".

A cikin 'yan ajin akwai matar abokin Injiniya. Injiniya ɗan ƙanwar Baba ne, ya daɗe yana zarya a kan Auta tana ce masa ita yaya ta ɗauke shi. Ta hannun matar nan muryar ta kai gare shi, abin nema ya samu. Da yamma ya zo gidan da wayarsa, ya zauna a gaban Baba ya kunna, yana tsayarwa yana fassarawa, bai tsallake ko kalma ɗaya ba.

Auta ta dawo daga aiki ta tarar da muryarta na tashi a falo. Jakarta ta faɗi.

"Ni kika kai kasuwa?" Baba ya tambaya. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. "Ni ne darasin da ake koya wa mutane? Har da banɗaki, Auta?"

"Baba, wallahi shi kaɗai na tura wa..."

"Shi kuma ya raba wa duniya. Wannan ne mai son naki?" Ya kau da kai daga gare ta. "Mutumin da bai san abin da ake rufewa ba, ba zan ba shi 'yata ba. Kada ya turo kowa. Na gama magana."

Ta durƙusa ta kama ƙafarsa, ya janye. Mama na tsaye bakin kicin tana share ido da gefen mayafi.

Da dare, tana ɗaki, saƙon Ticha ya shigo.

"Na ji abin da ya faru. Na goge, amma na san gogewa ba ta da amfani yanzu. Na yi wauta, 'Yar Makara. Turancin na ji, ban ji kukan ba. Ki yafe mini."

"Ka ce in samo wa kalma mutum, na samo. Ka manta mutumin nan ubana ne. Kada ka sake kira na."

Ta tura, ta kife a kan gado ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Ta daina zuwa aji. Fushin bai daɗe ba, son ne ya ƙi tafiya. Tana ba marasa lafiya magani tana murmushi, ta shiga ɗakin ajiya ta jingina da kwali ta yi hawaye, ta wanke fuska ta fito. Ta rame har siket ɗinta na juyawa a ƙugu.

Abin da ya fi cin ranta kuwa, ciwon Baba ƙara gaba yake yi. Wata safiya ta kai masa shayi ya dube ta ya ce, "Sannu, 'yan mata, 'yar wane ce ke?" Can anjima ya dawo daidai. Ita nas ce, ta san inda ciwon nan ya dosa. Ta san akwai ranar da zai tafi bai dawo ba, yana zaune a cikinsu. In ranar ta zo alhali maganarsa ta ƙarshe a'a ce, to a'a ɗin ta zauna har abada, domin ita ba za ta taɓa aure a kan hanin mahaifinta ba.

"Mama, ki yi masa magana," ta roƙa. "Tun yana ganewa, Mama."

"Na yi, 'yar nan. Komai yana mantawa, wannan ɗin ne kaɗai ya ƙi mantawa."

Rannan da rana tsaka Mama ta kira ta a wurin aiki, murya a sama. Baba ya fita, ba a san lokacin ba, takalminsa ma wari da wari ya saka. Auta ta fito da gudu ko izini ba ta nema ba. Ta duba shagon mai aski, ta duba bakin kasuwa, babu shi. Da ta dawo gida maƙwabta sun fara taruwa a ƙofa, Injiniya na tsaye yana cewa a ba shi hoto ya watsa a waya, a rubuta tsoho mai ciwon mantuwa ya ɓata.

"Kada ka soma!" in ji Mama. "Kashe shi za ka yi da ransa?"

Auta ta koma gefe, ta danna lambar da ta rantse ba za ta sake kira ba.

"Baba ya ɓata," ta ce, kuka ya ci ƙarfinta. "Ban san wanda zan kira ba. Don Allah ka duba layin tsohon shagonsa, bayan tashar mota, ni zan bi ta asibiti."

"Na fita," kawai ya ce. Ta ji ƙarar kujeru, da muryar wani ɗalibi na tambayar ina Ticha za shi.

Tana tsakiyar titi tana leƙa fuskar kowane tsoho saƙo ya shigo.

"Na gan shi, lafiyarsa ƙalau. Ki koma gida ki tsaya a ƙofa. Kada ki taho da gudu, kada ki yi kuka a gabansa. In mun zo, ba ki san ni ba."

Ba ta gane ba, amma ta bi. Ta tsaya cikin maƙwabta, idonta a kan hanya. Can sai ga su sun shawo kwana. Baba ne a gaba, yana tafe yana nuni da hannu, Ticha na biye da shi rabin taku a baya, ya ɗan sunkuyar da kai kamar ɗalibi.

"Me ya tara ku?" Baba ya tambayi jama'a. "Wannan bawan Allah baƙo ne, ya ɓata, yana neman layinmu. Na ce ya zo in raka shi."

"Na gode, Baba," in ji Ticha. "Ba don kai ba da har yanzu ina can ina yawo."

Maƙwabta suka dubi juna. Wani ya ce ashe rakiya ya yi, aka watse ana dariyar tashin hankalin mata. Ticha ya juya ya tafi, ko kallon Auta bai yi ba. Ita kuwa ta cije leɓe har ya kusa fashewa.

Washegari da safe Baba ya kira ta. Idonsa tar, irin ranakun da suka fara wuya.

"Jiya ni na ɓata, ko ba haka ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na je buɗe shago na tarar ana sayar da waya a ciki. Na rasa gabas na rasa yamma. Yaron nan, duk kwanar da za mu sha sai ya ce, Baba, nan ka ce mu bi ko? Ni kuwa na san ban ce ba." Ya dube ta. "Wane ne shi?"

"Shi ne, Baba. Malamin."

"Wanda ya tallata ni."

"Shi ne."

Baba ya daɗe yana kallon hannuwansa. Auta ta riƙe numfashi, tana roƙon Allah kada kansa ya tafi a daidai wannan gaɓar.

"Kira shi," ya ce.

Ticha ya zo ya durƙusa nesa da kujera. Bai kare kansa ba.

"Abin da ta faɗa a kaina ƙarya ne?" Baba ya tambaye shi.

"Gaskiya ne, Baba. Amma ba nawa ba ne da zan raba wa mutane. Na yi laifi, kuma ko ba ka ba ni ita ba, ina roƙon ka yafe mini."

"An ce har mai taurin kai ka kira ni a ajinka."

"Ita ta faɗa, Baba."

Baba ya yi dariya, karon farko tun ranar falo. Sannan fuskarsa ta koma yadda take.

"Ka ji, yaro. Kaina yana zuwa yana tafiya. Yau yana gida. Ka je ka turo manyanka, kada ku tsaya dogon shiri. Ina so in ba da 'yata ina sane da abin da nake yi."

Auta ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka, wannan karon bai janye ba.

Aka yi komai cikin gaggawa, har dangi na gunaguni ba a ba su lokacin ɗinki ba. Da safiyar ɗaurin auren saƙon Ticha ya shigo.

"'Yar Makara, yau kam don Allah ki zo da wuri."

Ta yi murmushi, amma hankalinta na kan Baba, domin tun da ya tashi bai kira sunan kowa ba. An ɗaura aure yana zaune shiru cikin sabuwar rigarsa. Da za a tafi da amarya, Mama ta kawo ta gabansa ta durƙusa. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, idonsa na yawo a fuskarta kamar mai neman ƙofa. Falo ya yi tsit. Ticha na durƙushe a gefe, ya bar shi ya nemo da kansa.

Sai Baba ya ɗago hannuwansa ya tallabi fuskarta.

"Auta ce," ya ce. Ya juya ga mutane, muryarsa ta fito da ƙarfi. "Autata ce, na gane ta. Ku shaida ni na ba da ita, da bakina, da yardata."

Ya kamo hannun angon ya ɗora a kan nata.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku masu rufa muku asiri ranar da ƙarfi ya ƙare. Tashi ki bi mijinki, 'yata, na yafe miki duniya da lahira."