Hantar Ɓera Ba Ta Jira

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, hannunsa na cikin bokitin ƙanƙararta, yana sanyaya robar ruwansa.

"Malam, wa ya ba ka izini?"

"Ƙanƙara ce fa, ba zinare ba."

"Hantar ɓera ce a ƙasanta. In ta yi ɗumi aikina ya mutu."

Ya zare robar, ya leƙa bokitin, sannan ya dube ta da kyau. "Ni na kiwata ɓeran nan. Ashe ke ce mai cinye min 'ya'ya."

Shi ne sabon likitan dabbobi mai kula da ɓerayen gwaji a ƙasan bene. Ita kuwa ɗalibar digiri na biyu ce, aikinta auna ƙarfin wani enzayim, sinadarin da ke sarrafa sukari a cikin hanta. Sai ta niƙa hantar a kan ƙanƙara, ta ɗiga ruwan a 'yar kwalbar da ke ɗauke da abincin enzayim ɗin, ta saka a inji, ta danna. In enzayim ɗin yana aiki, layi zai riƙa hawa a allon injin.

Layin Auta kwance yake kamar tabarma.

Kullum Dogo ke kawo hantar da kansa a cikin kula, ya ja kujera ya zauna. Tana ɗiga ruwan zai ce, "Gimbiyata, farar rigar nan don ke aka ƙirƙiro ta." Sai ta juyo ta wanke shi tas, ya rama, ta rama, har dariya ta ƙwace mata. Sannan ta danna inji. Tabarma.

Ta canja sinadarai. Ta canja kwalabe. Ta zargi firiza, ta zargi ɓerayen, har ta zargi kanta.

Wata rana saƙonsa ya shigo tana kan hanyar gida: "Hasken idona, ko layi ya kwanta ni ina tsaye. Zan turo Kawu."

Ta amsa: "Uban Ɓeraye, ka bar ni da abin da ya dame ni. Amma ka turo shi."

Abba ya karɓi Kawu hannu bibbiyu, ya sallame shi hannu rabbana.

"Yayarki saura ƙiris ta gama ta ajiye karatu don aure," in ji shi bayan baƙon ya tafi. "Ba za a yi min biyu ba. In zangon nan ya ƙare babu sakamako, maganar yaron nan ta mutu."

"Abba, enzayim ɗin ne ya ƙi."

"To ki lallashe shi. Ai kin iya lallashin mai ɓeraye."

Umma ta toshe baki da mayafi.

Ana haka wani matashin malami da kowa ke kira Dakta ya tsiri taimako. Ya zo duba fitilar injin, ya sunkuya kansa dab da nata, yana tambayar ko ta ci abinci. Daidai nan Dogo ya turo ƙofa da kula a hannu. Ya ajiye, ya juya.

Washegari ko sallama bai yi ba. A bakin ƙofa ta tsinci kular.

Ranta ya ɓaci. "Ji min mutum. Ni da ya kamata in yi fushi." Ta niƙa hantar kamar ita ta yi mata laifi, ta ɗiga, ta saka, ta danna, duk a numfashi ɗaya.

Layi ya tashi.

Ta sake da wata kwalbar. Ya sake tashi, ya hau, ya hau, sannan ya miƙe ya kwanta. Ta zuba wa wurin kwanciyar ido. Wannan tabarmar ta san ta. Ashe enzayim ɗin lafiyarsa lau. Da zarar an ɗiga shi yake far wa abincinsa ya cinye, ita kuma tana can tana musu da Dogo, sai ya gama ya suɗe hannu take danna inji.

Ta ɗauki waya: "Na gano mai kashe min aiki. Kai ne."

Amsa ta zo: "Na gode. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da Dakta."

Ta sauka benen da safar hannunta. Ta same shi gaban kejin ɓeraye ya haɗa rai.

"Wane Dakta? Mutumin da ko kunna injin bai iya ba? Bakinka nake nufi, Uban Ɓeraye. Wata da watanni ina auna surutunka."

Ta yi masa bayani. Fuskarsa ta fara sakewa.

"Kenan kina sona har kina manta..."

"Kar ka fara. Fushin nan da kake yi, ci gaba da shi. Ka ajiye kula a ƙofa, ka yi gaba. Sai na gama."

"Ai na huce, Gimbiyata."

"To ka nemi wani dalilin."

Bai taɓa shan wuya irin ta makonnin nan ba. Sai ya tsaya bayan gilashin ƙofa, baki cike da magana, ta nuna masa hanya da bututun ɗiga ruwa. Saƙonninsa kuwa sai da yamma take buɗewa: "Yau ma na yi shiru saboda ke. A rubuta min lada."

Kafin zango ya ƙare ta ajiye sakamako a gaban Abba. Ya gyara tabarau, ya bi layukan da yatsa, bai fahimci ko ɗaya ba.

"Hawa suke yi?"

"Hawa suke yi, Abba."

"To a ce wa kawunsa ya dawo."

Ranar ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha, Abba ya riƙe hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"An ce ka iya shiru in an sa ka. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani, don 'yata ba ta barin bashin magana ya kwana. Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya sa albarka a gidanku."

Dogo ya buɗe baki zai yi dogon jawabi. Kawu ya taka masa ƙafa.

"Amin," in ji ango.