Barkono da Farar Safar Hannu

Sau biyar tana ɗora babban yatsanta a kan na'urar shiga aiki, sau biyar na'urar tana kunna jar wuta. Layin ma'aikatan kamfanin ɗinkin ya kai har bakin get, ana ta tsaki a bayanta.

Barkono ake ce mata, saboda bakinta. Ita ke yanka yadi a sashen riguna, kuma tun tana 'yar shekara bakwai take fama da ciwon fata. Tafin hannunta da na ƙafarta sukan bushe, su yi kauri, su tsattsage har jini. Ranar da ciwon ya motsa, ko almakashi da ƙyar take riƙewa.

Wani saurayi mai jakar kayan gyara ya matso. Shi aka turo duba na'urorin kamfanin, kowa Injiniya yake ce masa.

"Baiwar Allah, in ga yatsan?"

Ta buɗe tafukan duka biyu, ta kai su dab da hancinsa. "Ga su nan. Kalla da kyau, kallo kyauta ne."

Ta saba da iri biyu: masu ja da baya da masu cewa wayyo. Shi bai yi ko ɗaya ba. Ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan ƙaramin na hagu.

"Wannan autan shi kaɗai ya ƙi shiga yajin aiki. Da shi za mu yi rajista."

Ta so ta haɗe rai, dariya ta kufce mata. Na'ura ta kunna koriyar wuta. Ya rubuta lambarsa a 'yar takarda ya miƙa mata, wai ko da na'urar za ta sake yi mata rashin kunya.

Kwana tara takardar tana cikin jakarta kafin ta tura saƙo.

"Mai sukundireba, na'urarka lafiya lau take. Na ce dai in sanar da kai."

Amsa ta shigo kafin ta ajiye wayar.

"Madalla. Ni kuma tun ranar wani abu ya kwance a ƙirjina, kuma ba ni da sukundirebansa."

"Ka je asibiti."

"Na je. Sun ce maganin yana sashen riguna."

Daga nan ya fara jiranta a tashar mota idan an tashi aiki. Ya lura da yamma a kan gefen ƙafa take takawa, don tsayuwar wuni tana buɗe fason da ke dugaduganta. Ya tambaye ta wane likita take gani.

"Na daina," in ji ta. "An shafa mini toka, an shafa mini baƙin mai, an hana ni kifi shekara uku. Wata mata har hayaƙi ta yi mini sai da na suma. Hannuna ne, a haka zan tafi da shi. Wanda bai iya kallo ba ya rufe ido."

"Ni na iya kallo, Yajina. Ɗingishin ne ba na iya gani."

Ta yi kamar ba ta ji sunan ba, amma har ta isa gida tana maimaita shi.

Bayan wata shida ya gaishe da Babanta, aka karɓe shi hannu biyu. Saura Ummansa. Ana gobe zai kai ta ta gaishe ta, ya aiko mata da ƙunshi a leda. Ta buɗe da murna, sai ta ci karo da abin da ke sama: farar safar hannu ta auduga.

Ba ta duba sauran ba. Ta tura ledar ƙarƙashin gado, ta ɗauki waya.

"Na ga saƙonka. In sai na ɓoye hannuna zan shiga gidanku, to ku riƙe gidanku. Kada ka sake kirana."

Ta toshe lambarsa. Kwana huɗu yana zuwa tasha, tana fita ta ƙofar bayan kamfanin.

Rana ta biyar Yayarta tana shara ta jawo ledar. Ta zazzage ta a kan gado: safar hannu, safar ƙafa, babban gwangwanin man shafawa mai kauri marar ƙamshi, filasta, da katin ganin likitan fata. A ƙasa akwai wasiƙa. Yaya ta karanta da ƙarfi, har da kwaikwayon muryarsa.

"Yajina, na je na tambayi likitar fata. Ta ce ki jiƙa hannu da ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, ki tsane su a hankali ba gurzawa, ki lafta man tun fatar da danshinta, sannan ki sa safar ki kwanta da ita don man ya zauna. Inda ya tsage sosai ki rufe da filasta. Ta ce ki zo ta gani da idonta. Safar ta barci ce kawai. Gobe ki zo da hannunki a buɗe, shi nake so Umma ta gani."

Yaya ta ninke takardar. "Ke dai an yi wawiya mai baki. Kin yanke wa bawan Allah hukunci ko shari'a ba a zauna ba."

Barkono ba ta iya ba da haƙuri ba, ba ta taɓa koya ba. Ta buɗe lambarsa ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa.

"Safar ta yi mini yawa kaɗan."

"Zan canzo. Ni ma in dawo?"

"Ka dawo. Kuma... ka yi haƙuri."

"Tsaya in ɗauki hoton saƙon nan, jikokinmu ba za su yarda ba."

Ta je wurin likitar. Aka ƙara mata wani magani na shafawa na ranakun da ciwon ya motsa, aka ce ta bar sabulu mai ƙamshi, in za ta taɓa ruwan wanki ta sa safar roba a kan ta auduga. Cikin sati uku manyan tsagun suka rufe. Fatar tana nan da kaurinta da jan ta, amma ranar da ta taka dugaduganta sosai a ƙasa ba ta ji kamar ta taka reza ba, sai da ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ta kuma gargaɗi Yaya kada ta kuskura ta faɗa wa kowa.

Gaisuwar Umma kuwa ba ta yi daɗi ba. A falon akwai wata budurwa, 'yar aminiyar Umma, mai shagon kayan kwalliya, wadda aka daɗe ana yi wa Injiniya tayinta. Hannunta sumul kamar ba ta taɓa ɗaukar tsintsiya ba. Ta dubi hannun Barkono ta ce, "Ayya, sannu. Irin wannan fa na ji ana ɗauka. Akwai wani mai a shagona, zan ba ki ragi."

"Na gode," in ji Barkono. "Ki ajiye wa masu neman canza fata. Ni tawa nake gyarawa."

Umma ta sa aka kawo ruwa. Amma da Barkono ta sha ruwa, ta ga an ɗauke kofin da bakin mayafi, an ajiye shi can gefe shi kaɗai.

Da yamma Injiniya ya kira, muryarsa a dushe. Ya ce Umma ta ce ba da yawunta ba. Ba za a kawo mata cuta gida ba, ba kuma za a haifa mata jikoki da ita ba.

"Na gaya mata ko shekara goma ne zan jira, ba zan auri wata ba," in ji shi.

"Jira? Ni ba na jira. Gobe kana wurin aiki?"

"Eh. Me za ki yi?"

"Gyara."

Washegari da hantsi ta yi sallama a gidan Umma ita kaɗai. Ta durƙusa ta gaida Umma yadda ya kamata, sannan ta ɗago.

"Umma, ban zo roƙo ba, ban kuma zo rashin kunya ba. Kina da tambayoyi, kuma hakkinki ne, ɗanki ne. Amma mai sayar da man bilicin ba ita za ta amsa miki ba. Yau nake ganin likita. Ki zo mu je ki tambaye ta da bakinki. In ta ce ana ɗauka, wallahi da ƙafata zan fita daga rayuwarsa."

Umma ta daɗe tana kallonta. "Ke ba kya jin tsoron mutane ko?"

"Ina ji, Umma. Na dai gaji da ɓuya ne."

Umma ta shiga ɗaki. Barkono ta ɗauka shi ke nan, sai ga ta ta fito da mayafi da jaka.

A ofishin likita Umma ta zauna ta jero tambayoyi kamar mai bincike. Ana ɗauka ta kofi? A'a. Ta gaisawa? A'a. Ta wanki, ta girki, ta shimfiɗa? Likitar ta kama hannun Barkono da nata hannun, ba safa, ta ce ko kusa.

"To 'ya'ya fa?"

"Gaskiya zan faɗa miki," in ji likitar. "Yakan bi jini. Wani yaron ya samu, wani bai samu ba. Ba mai iya yi miki alkawari."

Umma ta juya ga Barkono. "Kin ji ko?"

"Na ji, Umma." Barkono ba ta sunkuyar da kai ba. "In Allah ya ba ni ɗa mai irin hannuna, zai samu uwar da ta san abin yi tun ranar farko. Ba mai shafa masa toka. Ba mai ware masa kofi."

Umma ta kawar da kai, ta shiga gyara mayafin da bai zame ba. Suka fito titi. Sai da mota ta tsaya ta ce, "Wannan man naki... yana yi wa faso na tsufa?"

"Sosai ma. Zan kawo miki, in nuna miki yadda ake yi."

Da Injiniya ya dawo, ya tarar da su biyu a tsakar gida, kowacce ƙafarta cikin roba da ruwan ɗumi. Ya tsaya da jaka a kafaɗa yana kallonsu.

"Saura magana ɗaya," in ji Umma. "Likita ta ce ta rage taɓa sabulu. Wa zai yi wanke-wanke?"

"Ni, Umma."

"Kai? Kai da ko kofin shayinka ba ka taɓa ɗaurayewa ba?"

"Zan koya."

"To fara yau. Ga kwanuka can."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ana ɗaukar hotuna, mai hoto ya leƙo ta gefen kyamara ya ce, "Amarya, ɗan sa hannun a ƙarƙashin mayafi, hoton zai fi fita."

Barkono ta buɗe baki, amma Umma ta riga ta.

"Malam, ɗauki hotonka. Rigar nan da ke jikina hannun nan ne ya yanka ta, ka ga wani aibu a ciki?"

Mai hoto ya ce babu. Injiniya ya sunkuyo ya raɗa mata, "Yajina, kin samu mataimakiya. Ni kam na shiga uku."

"Ka shiga huɗu," in ji ta, ta ɗora hannunta a kan nasa, a fili.

Umma ta dafa kawunansu. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a gidanku, ya ba ku zuriya ta gari ko da wane irin hannu ta zo."

Baba ya ce amin, Yaya ta ce amin tana share ido, ɗakin gaba ɗaya ya amsa.